Ka Faɗa wa Malam Mizanu Zancen Gwiwar Nan

Bismillahi. Salamu alaikum.

Na Iya, ina gaishe ka, da fatan ka sauka lafiya a gidan kawunka Tanko a Kano. Ka gaishe shi, ka gai da matarsa da yara. Allah ya kai ka inda za ka lafiya, ya tsare ka a sama, ya tsare ka a ƙasa, ya tsare ka a kan ruwa, tunda an ce ƙasar da za ka rabinta ruwa ne.

Rubutun nan nawa ne, kada ka tsaya neman wanda ya yi. Ka san iyakacin karatuna, ɗan ajin nan da muka riƙa zuwa bayan la'asar lokacin da aka kawo Shari'a aka ce mata su fito neman ilimi. In ka ga harafi ya kwanta, ka tashe shi. Da na so da na kira Malam Hadi na makaranta ya rubuta mini tsaf, to amma zancen da ke cikin takardar nan ba na kunnensa ba ne. In Malam Hadi ya ji da hantsi, Kibiya ta ji kafin azahar.

Tun da motarku ta tashi ban zauna ba. Na share tsakar gida, na sake sharewa. Na ɗauko gyaɗa zan ɓare, na ajiye, akuya ta yi mini aikin. Ƙanwarka Ladidi ta ce, "Inna, ko zazzaɓi ne?" Na ce ta rufe mini baki. Ba zazzaɓi ba ne. Gwiwarka ce ta hagu.

I, na sani. Tun kakar bara na san ta tasar maka. Kana tsammani don ba na kallon fuskarka ba na kallon ƙafarka? Da can tsugunawa kake yi ka yi alwala, yanzu sai ka jawo kujerata. In ka zo zaman tahiya ba ka iya hawa kan ƙafar, sai ka tura ta gefe kamar itacen da ya ƙi shiga murhu. In za ka tashi daga sujada sai ka dafa bango. Shi ya sa ka daina nafila a tsakar gida ka koma ɗaki, ka manta asabarin ɗakin naka ya ɓule. Mutanen gari gudunka a fili suke gani su yi ta ihu. Ni kuwa tafiyarka nake gani daga ƙofar ɗaki zuwa bakin randa, kafin jikin ya yi ɗumi.

Yanzu za ka hau jirgi ka tafi Bangaladash ka yi wa mutum ƙwallo da ƙafar nan, shi kuma bai sani ba, ko in ce ba a faɗa masa ba. Wannan shi ne zancen. Duk abin da zan rubuta a ƙasa kewaye ne, nan zan dawo.

Ka tuna ranar da kocin naku Malam Mizanu ya zo gidan nan. Da aka ce baƙo daga wata ƙasa ya kalli wasanku a Rano ya ce sai ya ga uwarka, na zaci wani dogo ne mai tumbi. Sai ga ɗan tsoho siriri, baƙi kamar mu, da sanda, ƙafarsa ɗaya a sandare yana jan ta. Na yi masa shinkafa da kifin Tiga. Ban taɓa ganin mai cin kifi irinsa ba, da yatsu uku yake zare ƙaya, ya jera ta a gefen kwano kamar zai mayar wa kifin. Da la'asar ta yi ya waiga yana neman abin zama. Kujeruna duk gajeru ne, sai na kife masa turmi. A kan turmina ya yi sallah, ƙafar a miƙe, sujadarsa a iska.

Bayan nan ya ba da labarinsa kana fassara mini. Ban manta ko ɗaya ba, bari in maimaita maka, don na ga kamar bakinka ne ya yi aiki ranar, kunnenka yana hutu. Ya ce ubansa masunci ne, a ƙauyensu in damina ta yi da kwalekwale ake zuwa masallaci. Ba su da ƙwallo, wani lemo ne babba kamar ƙwarya suke tsinkowa ɗanye su yi ta buga shi a cikin taɓo ba takalmi. Daga nan wani ya gan shi ya kai shi babban birninsu, yana kwana a ɗakin ajiyar kayan kulob. Baya yake tsarewa, irin naka. Ya yi suna har ya sa rigar ƙasarsu, har ya nuna mini hoton, gashi har wuya, cinya kamar ta ɗan dambe. Sai gwiwa ta fara. Bai faɗa wa kowa ba, don akwai yaro a bayansa da ke jiran gurbin. Kafin kowane wasa sai ya je a ɓoye a yi masa allura, ya shiga ya yi gudu a kan ciwon da ba ya ji. Har ranar da aka ɗauko shi daga fili a kan ƙyaure, ƙafar kuma ba ta sake lanƙwasuwa ba. Kulob suka fito masa da akwatinsa. Ya koma sayar da shayi a bakin tasha. Ya ce mutanen da suka riƙa kiran sunansa har muryarsu ta dishe, su ne ke zuwa su ce ya ƙara sukari, ba su ɗaga kai sun dube shi ba. Yaran bayan tasha ya fara koya wa ƙwallo da sandar nan tasa, a hankali a hankali har ya zama koci.

Duk wannan ka fassara tiryan-tiryan. Sai ya juyo ya dube ni, ya bubbuga gwiwarsa, ya nuna taka, ya yi tambaya. Kai kuma ka ce, "Yaya, wai yana tambaya ko ina cin abinci sosai." Na Iya, ni ban iya Turanci ba, amma na san ba a gwiwa ake zuba tuwo ba. Na gane abin da ya tambaya sarai. Kuma na gyaɗa kai na ce lafiya lau. Ya yi murmushi ya ɗora hannu a ƙirji.

Wannan kuskurena ne, sabo fil, ko wata biyu bai yi ba. Baƙo ya ci abincina, ya yi sallah a kan turmina, ya tambaye ni gaskiya a matsayina na uwa, na sallame shi da ƙarya don kada in kunyata ka a gabansa. To ka ji: in mutum ya buɗe maka ciwonsa kafin ya tambaye ka naka, ba hira yake yi ba, hanya yake share maka. Wa zai baro ƙasarsa ya zo Kibiya ya zauna yana ba tsohuwa labarin shayi haka kawai? Wanda ya yi rabin rayuwarsa yana ɗingishi ya san ɗingishi ko an ɓoye shi a cikin wando. Ina jin ya gani. Ban ce na tabbata ba. Amma in ya gani, to jira yake ya ga wane iri ne kai, in kuma bai gani ba, zai gani ranar da ba ta da amfani.

Bari in koma baya, kan ubanka, Allah ya jiƙansa. Kai kana Durba wurin kakarka Iya lokacin, abin da ka sani shi ne ya yi ciwon ƙafa ya rasu. Haka ne, amma ga yadda aka yi. Malam shi ne na gaba a gayya duk yankin nan. In makaɗa suka saki gangar noma suka kira sunansa, kafin na biye da shi ya kai rabin kuyya shi ya juyo. Ana saura kwana kaɗan gayyar gonar mai garin Fassi, garma ta sare shi a ƙasan idon sawu. Ya shigo ya ce in ɗaure masa, kuma kada in kuskura kowa ya ji, don akwai wani saurayi da aka fara zugawa ana cewa zai karɓe gaba. Na wanke, na zuba toka, na ɗaure da tsumma. Ƙafa ta kumbura, ta fara wari. Na ce, "Malam, ko a je asibiti?" Ya ce, "Bayan gayya." Wansa ya shigo ya tambaye ni me ya sa Malam bai fito masallaci ba, na ce mura ce. Ya je gayyar, kuma shi ya zo na ɗaya, aka rako shi gida da kiɗa. Ba a yi sati biyu ba haƙoransa suka datse, bayansa ya sandare, ko ruwa ba ya wucewa. Da aka kai shi Rano a bayan a-kori-kura, ma'aikaciyar ta kwance tsummana ta dube ni kawai. Gara ta zage ni.

Kwana ya ƙare, na sani, ba sai wani malami ya tuna mini ba. Amma wanda ya rubuta kwana shi ya ba ni baki, ban yi amfani da shi ba. Na zaci rufa wa miji asiri nake yi. Asirin mutum daban, ciwonsa daban. Asiri in ka rufe shi kwanciya yake yi, ciwo in ka rufe shi ci yake yi. Saurayin nan da ake tsoro, shi ya karɓi gaba a damina ta gaba, makaɗan nan dai su ne, gangar ita ce, suna kawai suka canja. Yanzu haka yana nan da 'ya'yansa, yana tafiya da ƙafafunsa biyu. Ka riƙe wannan duk ranar da ka ji fili ya ɗauka da sunanka.

Za ka ce to me ya hana ni in sa Malam Hadi ya buga wa mutumin waya a faɗa masa da Turanci, a huta? Na yi tunanin haka, har na ɗauki mayafi na kai zaure, na dawo. Ga dalili. Kana ɗan yaro da kuka zo hutu daga Durba, na ga ka ɓoye ƙwallon tsumma a bayan rumbu, kana zillewa daga makarantar allo. Maimakon in kira ka in yi maka faɗa da bakina, sai na kai ƙararka wurin ubanka a bayan idonka. Ka san dukan da ka sha, kuma ni na jefa ƙwallon a murhu. Ban hana ka ƙwallo ba, ga shi har za ta hau da kai jirgi. Abin da na koya maka ranar shi ne ɓoyo. Tun daga nan ko ƙaya ka taka sai ka cire abarka a bayan gida. Don haka ba zan sake zagaya ka ba. Ba zan aika kowa ba, ba zan buga waya ba. Kai za ka faɗa, da bakin nan da ya ce wai ana tambayar abinci. Kai ma in Allah ya ba ka 'ya'ya, ko ya ba ka yaran da za ka koya wa ƙwallo, in ka ga laifi ka kira mai laifin, kada ka kira mai bulala.

Ita kanta gwiwar ai da hannuna a ciki, kada ka ɗauka na manta. Ka tuna shekarar da ake neman ƙuri'a, da ɗan takarar nan ya sa kofi ya raba muku riguna da hotonsa a ƙirji, ranar da aka taka ka aka kawo ka a kan babur. Wasan ƙarshe ya rage. Matar ɗan takarar ta aiko mini da turmin atamfa da sabulu, wai gaisuwa ga uwar jarumi. Ni da ba a taɓa aiko wa ko ƙyalle ba, kaina ya kumbura ya fi gwiwar. Na sa aka kai ka Tarai wurin maɗori da sassafe don kada a gani. Shi kansa maɗorin, da ya taɓa, cewa ya yi, "Baba, wannan ba ƙashi ba ne, jijiya ce a ciki, ba aikina ba ne. A hutar da shi, a kai shi a ɗauki hoto." Na ce ya dai shafa abin da zai shafa. Ka wuce kemis aka yi maka allura, ka buga, kuka ci kofi. Ɗan takara ya ci zaɓe, bai sake biyowa ta hanyar nan ba, ko da yake ba laifinsa ba ne, hanyar ba ta biyuwa. Atamfar ta koɗe, yanzu da ita nake tace gasara. Gwiwar tana nan. In mai sana'a ya ce maka wannan ba aikina ba ne, to ya fi wanda ya ce kawo in gwada. Kuma duk wanda ya yi maka kyauta ana gobe zai more ka, ka duba me za ka bari a hannunsa.

Kai, hannuna ya gaji, biron ma yana ta yankewa. Na tashi na leƙa zaure ba dalili na dawo.

Na san abin da ke cin ka, kunyar dawowa ce. An raka ka tasha da babura ana ta hon, liman ya yi addu'a, yara sun rubuta sunanka da gawayi a bangon makaranta, har masu cewa gajeren wandonku haramun ne sun zo sun sa hannu a addu'ar. Kana ganin in ka faɗa aka juyo da kai, da wane ido za ka shiga gari. Da idonka biyu za ka shigo, da ƙafarka biyu. Za a yi da kai a teburin mai shayi, a yi a bakin kasuwa, Malam Hadi ya ƙara gishiri. Sai kuɗin taki ya tashi, ko wani ya saki matarsa, a manta da kai. Na ga an yi da waɗanda suka fi ka. Ba wanda surutun Kibiya ya taɓa gurguntawa.

Kuma wa ya ce lallai juyo da kai zai yi? Wataƙila ya kai ka wurin likitocinsu su duba, a gyara, ka zauna a benci wata da watanni kana cizon yatsa. To ka zauna. Wataƙila ya ce ƙwallonka ta ƙare, zo ka riƙe mini yara. Shi ma ai ta nan ya bi, sai dai shi sai da ya biya da ƙafa tukuna. Wataƙila kuma ya ji haushi ya ce ka ci amanarsa, ya sa ka a jirgi. Ban san halinsa ba, yini ɗaya na gan shi. Ba zan yi maka alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Gonar ubanka ta hanyar Fassi dai tana nan, ba ta taɓa tambayar kowa kofi ba.

Kada ka ce sai ka buga wasa ɗaya sun ga iyawarka tukuna. Bayan gayya ke nan, na taɓa jin wannan. Kada ka bari a kai ka fili. Ranar da ka sauka, in ya zo tarbarka, ka gaishe shi, ka ce uwata ta ce a ba ka haƙuri, amsar da ta ba ka ba daidai ba ce. Ka fara da laifina in naka ya yi maka nauyi, na yafe maka wannan. Sannan ka naɗe ƙafar wando ka nuna masa. In wani ya nufo ka da allura kafin wasa, ko da Ƙur'ani ya rantse maka, ka ce a'a.

Sauran nasiha kawunka zai yi maka, ya iya dogon zance. Ka yi sallah a kan lokaci, su ma Musulmi ne. Ka ci abin da suka ci kada ka yatsine fuska, ka kula da ƙaya, ba ka iya cin kifi ba. In ka ga wadda ta yi maka, a sanar da mu kafin, ba bayan ba. Shi ke nan.

Saura abu ɗaya. Za ka ce duk wannan me ya hana ni faɗa maka baki da baki, muna gida ɗaya. Ka san dalili. Kai ne ɗan fari, kuma sai da na daɗe ƙwarai a ɗaki kafin Allah ya kawo ka, har an fara cewa ba zan haihu ba. Da ka zo sai na ninka kara don kada a ce tsohuwa ta zaƙe. Ban ɗauke ka a gaban mutane ba, da aka yaye ka Iya ta tafi da kai ban ce uffan ba, ban taɓa kiran sunanka ba, kai kuma kana ce mini Yaya kamar ba ni na haife ka ba. An yabe ni a kan haka, ana cewa a je a koyi kunya wurin matar Malam. Ranar tafiyarka na tsaya a bakin rumbu da zancen nan a bakina. Ka durƙusa, na ga yadda ka cije leɓe kafin gwiwar ta kai ƙasa, ka ce, "Yaya, zan tafi." Na ce, "To, a sauka lafiya," ina kallon kaji. Kunyar da aka yabe ni a kanta ke nan. Ba na cewa a zubar da ita, da ita aka haife mu. Amma ta ci mini miji, ba zan zuba mata ido ta ci ƙafar ɗa ba.

Isiyaku. Ga shi na rubuta, rufin ɗaki bai faɗo ba. Isiyaku, ka faɗa wa mutumin nan.

Ina so in ka dawo, ko da kofi ko ba kofi, ko bana ko baɗi, in leƙa ta ɓular asabarin nan in ga goshinka a ƙasa, ka hau kan ƙafarka ta hagu ka yi tahiya kamar kowa. Turmi ɗaya gare ni a gidan nan, kuma daka nake yi da shi. Na kife wa baƙo sau ɗaya. Ba zan kife maka ba.

Zan ba Sule direba takardar da safe, na liƙe bakinta da tuwo, in ka ga an taɓa ka tambaye shi. Ba sai ka ba ni amsa ba. In ka faɗa, ka bugo wa Ladidi ka ce a gaya wa Yaya an isar da saƙo, zan gane. Kafin nan ba na jin zan zauna.

Allah ya tsare hanya, ya sauke jirginku lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da mai allura. Allah ya ba ka ƙarfin buɗe baki, ya jiƙan ubanka, ya ba Malam Mizanu ladan tambayar da ya yi. Allah ya dawo mana da kai a tsaye. Amin.

Ni ce,
Yayarka, uwarka,
daga Kibiya.